Kafin Jirgi Mai Saukar Ungulu Ya Sauka a Fadamar Haɗejiya

Ƙasar Haɗejiya fuska biyu gare ta. Daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, idan kogi ya cika ya batse, ruwa kan shimfiɗu daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri har ido ya gaji da kallo. Gonakin shinkafa su nutse, hanyar mota ta yanke, ƙauyen da jiya ake shiga da babur ya wayi gari tsibiri. Daga Disamba kuwa hunturu ke saukowa da hazonsa, ƙasar da ruwa ya kwanta a kanta ta bushe ta tsattsage, samanta ya koma lallausan gari wanda ko garken awaki ne ya ratsa sai ya turnuƙe. Manomi da masunci sun daɗe da iya zama da duka biyun. Matuƙin jirgi mai saukar ungulu kuwa, da za a tambaye shi wuraren da ya fi shakkar sauka, shimfiɗaɗɗen ruwa da busasshiyar ƙura suna cikin abin da zai fara lissafawa.

A ambaliyar 2022, wadda ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin Najeriya ta kuma raba fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Haɗejiya da kewayenta sun riga sun sha irinta a 2018 da 2020. Duk lokacin da aka ce jinga ta ɓalle, ruwa ya ci gari, kiran da ake ji shi ne gwamnati ta turo jirgi. Kiran yana kan hanya. Daga Kano zuwa Haɗejiya ba ya cin awa guda a jirgin helikwafta, daga filin jirgin sama na Dutse kuwa kusan rabin awa ne, alhali motar agaji kan kwana a bakin gadar da ta karye. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne ko jirgin da matuƙinsa sun shirya wa irin wannan ƙasa. Amsar wannan tambaya, a duniyar yau, a cikin rufaffen ɗaki ake nemanta tun kafin a kunna inji.

Abin da ya faru a Kabba

Ranar 2 ga Fabrairun 2019, jirgin helikwafta samfurin AW139 ɗauke da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya zo sauka a filin wasa na Kabba a Jihar Kogi. Rani ne, filin a bushe. Da jirgin ya kusa ƙasa, iskar farfelarsa ta tayar da ƙura ta lulluɓe shi, matuƙan suka daina ganin ƙasa, jirgin ya bugu ya kife gefe guda. Mutum 12 da ke ciki duk sun fito da ransu, Allah ya kiyaye. Binciken hukumar haɗurran jiragen sama ta ƙasa ya ɗora abin a kan wannan makantar ƙura. Kabba ke nan, a ƙasar da ciyawa da itatuwa suka fi namu yawa. Sai a auna filin firamare a Malam Madori ko Birniwa cikin watan Maris.

Yana da kyau a fahimci dalilin da ƴan daƙiƙoƙin rashin gani ke yin wannan ɓarna. Jirgi mai fukafukai, idan ya daidaita a sama, yakan riƙe kansa na ɗan lokaci. Helikwafta ba ya haka. Idan yana tsaye cak a iska, matuƙi na gyara shi ne ba ƙaƙƙautawa, hannun dama a kan sandar da ke karkata babbar farfela, hannun hagu a kan wadda ke ƙara ko rage ɗagawa, ƙafafu biyu a kan matakan da ke juya farfelar wutsiya. Duk wannan gyaran da ido yake yin sa: yana kallon wata bishiya, ko gefen gini, ko ciyawar da ke ƙasa, ya gane ko ya fara zamewa. Ƙura na rufe waɗannan alamu, sai ya koma dogaro da abin da jikinsa ke gaya masa, jiki kuwa maƙaryaci ne a nan. Sashen da ke cikin kunne mai kula da daidaito ba ya jin zamewa a hankali. Ƙurar da ke juyawa a gaban gilashi kuma takan sa mutum ya ji kamar yana tafiya alhali a tsaye yake, ko ya ji a tsaye yake alhali yana tafiya. Idan taya ɗaya ta taɓa ƙasa jirgin na zamewa gefe, nan take ta zama masa abin tuntuɓe ya wuntsila.

Ruwan ambaliya ma haka yake yi ta wata hanya. Jirgin da ya kai tan shida ko bakwai dole ya danna iska ƙasa da ƙarfin da zai ɗauki wannan nauyi. A kan ruwa, iskar na tayar da feshi tana kora igiyoyi zuwa ko'ina, matuƙi ya rasa abu ɗaya tsayayye da zai kafa wa ido. Idan ruwan ya kwanta lumui kuma, sararin sama yake nunawa, ba a iya ƙiyasta nisan ƙasa.

Ɗakin da ake faɗuwa a tashi

Na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi ba sabon abu ba ce. Tun 1929 wani Ba'amurke, Edwin Link, ya haɗa ta farko da ta karɓu, da irin zugazugan da ake sa wa kayan kiɗa a masana'antar mahaifinsa. Ta yau ɗakin matuƙi ne sak, da kujeru da sanduna da agogunansa, an kewaye shi da allon da ke nuna duniyar waje, an ɗora shi a kan ƙafafu shida masu miƙewa da tanƙwashewa, kwamfuta kuma na lissafa sau da yawa a kowace daƙiƙa yadda jirgin gaske zai amsa abin da hannun matuƙi ya yi.

Iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne zuciyar wannan magana. Akwai ta horo, wadda ke kwaikwayon jirgin da aka riga aka ƙera, an kulle lissafinta, hukuma ta sa hannu, ba mai taɓawa. Aikinta ta koya wa matuƙi abin da aka riga aka sani: yadda zai sauko idan inji ya mutu, yadda zai yi idan wuta ta kama. Akwai kuma ta bincike, wadda lissafinta a buɗe yake. Injiniya na iya ƙara wa farfela tsawo da safe, ya canza yadda sandar tuƙi ke amsawa da rana, ya sa matuƙi ya gwada kowanne sau ashirin, ya faɗi a wasu, ya tashi ya sha shayi ya faɗi abin da ya ji. Ta farko amsa take maimaitawa, ta biyu tambaya take yi.

Mafi shahara cikin na bincike tana cibiyar Ames ta hukumar NASA a Kalifoniya, tana aiki tun wajen 1980. An gina ta cikin dogon gini inda ɗakin matuƙin ke iya hawa da sauka kusan mita 18, ya kuma yi gefe kusan mita 12, domin helikwafta motsin sama da ƙasa ne rayuwarsa, kuma ƙaramin girgiza ba ya isar da wannan ga jikin matuƙi. A nan aka gwada jirage masu juya farfela irin XV-15 da V-22. A nan kuma sojojin ƙasa na Amurka suka yi babban ɓangare na aikin da ya haifar da ƙa'idar da ake kira ADS-33, wadda ke fayyace yadda helikwaftan soja ya kamata ya ji a hannu.

Wannan ƙa'ida tana da wata hikima da ta shafe mu kai tsaye. Ba ta ce jirgi kaza mai kyau ne shi ke nan ba. Cewa ta yi kyawunsa ya danganta da abin da matuƙi ke iya gani. Da rana tsaka, sarari fes, jirgi mai sauƙin na'urori ya isa. Idan gani ya ragu, ko da dare ko hazo ko ƙura, dole kwamfutar jirgin ta karɓi wani kaso na aikin: matuƙi ya saki sanda jirgin ya daidaita kansa, a mafi munin yanayi ma ya tsaya cak a inda yake ba tare da an riƙe shi ba. Yadda aka gano iyakar kowane mataki kuwa shi ne ta sa ƙwararrun matuƙa su yi ayyuka ƙayyadaddu, kamar tsayawa a kan alama ko kewaya wani abu, ana rage musu gani kaɗan-kaɗan, su kuma suna ba da maki daga 1 zuwa 10 a ma'aunin da George Cooper da Robert Harper suka fitar a 1969. Maki 1 jirgi ne mai biyayya. Maki 10 na nufin ya ƙwace. Ba wanda zai yarda a nemi maki 10 da jirgin gaske da mutum a ciki.

Amurkawa ba don sha'awa suka zuba kuɗi a wannan ba. A Afrilun 1980, yunƙurinsu na ceto ƴan ƙasarsu da ake tsare da su a Tehran ya watse a hamadar Iran bayan guguwar ƙura ta wahalar da jiragensu, sannan helikwafta ɗaya ya yi karo da jirgin dakon kaya cikin ƙura, sojoji takwas suka mutu. A yaƙe-yaƙen Iraƙi da Afganistan ma ƙura ta ci musu jirage masu yawa ba tare da an harba ko harsashi ba. A Jamus, cibiyar binciken sararin sama ta DLR da ke Braunschweig tana da na'urar kwaikwayo a ƙasa, tana kuma da helikwafta EC135 da aka yi wa gyara yadda kwamfutarsa za ta sa shi ya ji kamar wani jirgin dabam yana cikin tafiya. A can ake gwada hular da ke zana wa matuƙi siffar ƙasa a gaban idonsa lokacin da gilashi ya rufe. A Jami'ar Liverpool ta Ingila kuwa, masu bincike kan lissafa yadda iska ke murɗewa a bayan ginin jirgin ruwan yaƙi, su zuba lissafin cikin na'ura, matuƙi ya yi ta sauka a kan jirgin ruwan tun ba a kai ga gwaji a teku ba. Kowa matsalar gidansa ya kai ɗakin gwaji.

Namu kayan, da abin da ya rage

Najeriya ba hannu rabbana take ba. Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta yaye matuƙa da injiniyoyi da masu kula da zirga-zirgar sama daga ƙasashen Afirka da dama, tana kuma da na'urorin kwaikwayo, har da ta Boeing 737. A Legas, kamfanin Caverton ya girka cikakkiyar na'urar kwaikwayon AW139 ƙirar kamfanin Thales na Faransa, abin da ya rage wa matuƙa zuwa Turai sabunta lasisi. Rundunar sojin sama na horar da matuƙan helikwafta a Enugu. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Fasaha ta Sojin Sama, kuma a garin ne aka ƙaddamar da jirgi marar matuƙi mai suna Tsaigumi a Fabrairun 2018, shaidar cewa akwai masu iya lissafin tashin jirgi a tsakaninmu.

Sai dai na'urorin Zariya da Legas na horo ne. Harkar helikwafta ta farar hula a ƙasar nan kuma a kan mai ta ginu, don haka hankalinta na kan tekun Neja Delta da dandamalin haƙar mai. Wannan ba laifin kowa ba ne, mai kuɗi shi ke da kiɗa. Amma sakamakonsa shi ne matuƙin da za a turo Guri ranar da ruwa ya tashi, mai yiwuwa ya fi sanin sauka a kan ƙarfe a tsakiyar teku fiye da sauka a kan tudun yashi da mutum ɗari biyu suka taru a kai da awakinsu da buhunan hatsinsu.

Fadamar Haɗejiya kuwa tana da halinta na kanta. Kogin Haɗejiya ya samo asali ne daga haɗuwar Kogin Kano, wanda aka datse a Tiga a 1974, da Kogin Challawa, wanda aka datse a 1992. Da ya iso ƙasa mai shimfiɗa sai ya rarrabu tsakanin tsofaffin tuddan yashi, wani reshe ya bi ta Kafin Hausa, wani ya nufi Nguru, sauran su je su haɗu da ruwan Jama'are su zama Kogin Yobe. Tun da madatsun suka sa ruwa ke gudana rani da damina, ciyawar kachala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, shi ya sa ruwan kan bar inda aka san shi ya ɓulla inda ba a zata ba. Ma'ana taswirar bara ba lalle ta yi aiki bana ba. Ga tsuntsaye: dausayin Haɗejiya da Nguru, har da na Baturiya, masauki ne na tsuntsayen da ke tasowa daga Turai lokacin sanyi, abin alfahari ga masu kare muhalli, abin fargaba ga mai tuƙi ƙasa-ƙasa. Ga turakun wayar salula, ga wayoyin lantarki waɗanda ba a ganinsu daga sama sai an zo kansu, ga giginya da goruba.

Ga kuma zafi. Iska mai zafi ba ta da kauri, farfela ba ta samun abin kamawa sosai, inji ma ƙarfinsa na raguwa. Haɗejiya ba ta kai mita 400 a saman teku ba, amma ranar da zafin Afrilu ya kai digiri 42, jirgi ji yake kamar yana wajen mita 1,400, wato sama da garin Jos. Wannan lissafin shi ke yanke yawan mutanen da za a ɗauka a sawu ɗaya.

Tambayoyin da suka cancanci ɗaki

A ganina, a nan ne na'urar bincike ke da aikin yi, kuma tambayoyin ba na ƙawa ba ne. Gidan ƙasa da ya sha ruwa kwana uku, daga wane nisa iskar jirgi za ta ƙarasa shi? Rufin kwano da aka danne da duwatsu, yaushe zai tashi ya zama wuƙa a iska? Idan masunta sun kawo mutane a kwale-kwale, ina jirgin zai tsaya ya sauke igiyar ceto ba tare da ya kifar da su ba? Igiya mai tsawo na rage ƙarfin iskar a ƙasa, amma tana lilo, kuma matuƙi daga can sama ba ya ganin alamar da zai riƙe. Akwai tsayin da ya fi dacewa, kuma ana iya nemo shi da gwaji ɗari a ɗaki maimakon gawa ɗaya a ruwa. Lokacin ambaliyar Mozambik a shekarar 2000, jiragen sojin saman Afirka ta Kudu sun tsamo dubban mutane daga kan bishiyoyi da rufin gidaje, har da matar da ta haihu a kan bishiya. Irin wannan ƙwarewa tana da tsada idan a fagen fama kaɗai za a koye ta.

Akwai kuma aikin da manoman shinkafa da gero suka fi sani, wato feshin jan-baki. Tsuntsayen a cikin kachala suke kwana, don haka da magariba ake bin su, jirgi ƙasa-ƙasa, haske na gushewa, garke na tashi a gaba, ruwa mai kifi a ƙasa. Inda iskar jirgi ke kai maganin abu ne da ake lissafawa a kwamfuta, kuma masuncin da ke cin abinci daga wannan ruwa yana da haƙƙin a yi lissafin kafin a yi feshin. A cikin lissafin ne ma za a iya gane aikin da ya fi dacewa da ƙaramin jirgi marar matuƙi, kamar kai maganin sarar maciji ko na kwalara ƙauyen da ruwa ya kewaye, a bar babban jirgi ga abin da shi kaɗai ke iyawa.

Wani zai ce ina mu ina wannan, ga kachala ba a gama yashewa ba, ga jinga na neman gyara. Gaskiyarsa. Helikwafta ba ya hana ambaliya, kuma a kowace ambaliya da aka yi a ƙasar Haɗejiya, kwale-kwale da matasan gari masu cika buhu da yashi su suka yi mafi yawan ceton. Da za a ba ni zaɓi tsakanin na'urar kwaikwayo da rigunan ruwa ga kowane mashigi, rigunan zan ɗauka. Amma zaɓin ba haka yake ba. Na'urar horo mai cikakken motsi ita ce mai cin miliyoyin daloli. Ta bincike ana iya fara ta da kujera kafaffiya, da sandunan tuƙi, da ƴan kwamfutoci, da manhajoji na kyauta irin FlightGear da JSBSim waɗanda kowa ke iya buɗe cikinsu ya gyara. Ba za ta ba da lasisi ba, ba kuma za ta maye gurbin gwaji da jirgin gaske ba, domin ƙura na cikin abubuwan da suka fi wuyar kwaikwayo, kuma ɗakin da ba ya motsi yakan ruɗi matuƙi ta wata fuskar. Amma za ta tace tambayoyi, ta yadda awa ɗaya da aka yi hayar jirgi za ta yi aikin awa goma.

Abin da ya fi na'urar tsada shi ne abin da za a zuba mata, kuma shi ba a sayo shi daga waje. Na'ura ba ta san komai ba sai abin da aka auna aka ba ta. Girman ƙwayar ƙurar fadama daban yake da na yashin tudu, kuma shi ke nuna yadda gajimaren zai tashi da daɗewar da zai yi bai kwanta ba. Ƙarfin iska da inda take fitowa a watan Satumba, tsawon kowane turke, wurin da ruwa bai taɓa kaiwa ba a kowace gunduma: wasu a hoton tauraron ɗan'adam za a same su, wasu kuwa sai a bakin sarkin ruwa da dagaci, waɗanda suka san tudun da ya tsira a 2018 ya kuma nutse a 2022. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jami'ar Sule Lamido tana Kafin Hausa, a bakin fadamar. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman tana cikin Haɗejiya. Jami'ar Tarayya tana Dutse. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are na da bayanan ruwa na shekaru. Su ke da ƙasa da ɗalibai, Zariya da Kaduna ke da matuƙa da injiniyoyin jirgi. Gwamna Umar Namadi, wanda shi kansa ɗan Kafin Hausa ne, ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da ruwan nan ke yi.

Ana ma iya farawa da abu mafi sauƙi. Sanannen abu ne a wurin matuƙa cewa jiƙa fili kafin sauka na kashe ƙura, kuma babu abin da ya fi injin ban-ruwa yawa a ƙasar Haɗejiya. Faɗin wurin da ya kamata a jiƙa wa jirgi mai tan bakwai, yawan ruwan da zai isa, da mintocin da za a samu kafin ranar Maris ta shanye shi, duk ɗalibin injiniya ɗaya zai iya auna su a rani guda da injin aro da agogo, a rubuta su a takarda ɗaya a ajiye a ofishin kowace ƙaramar hukuma daga Ringim zuwa Guri.